Ɗaliban Jami'a da Kyautar Ɓargo: Ba Girin-girin Ba Dai, Ta Yi Mai

A shekarar 1971 aka haifi wani yaro mai suna Anthony Nolan da wata cuta ta gado wadda ke raunana garkuwar jiki. Likitoci suka ce babu abin da zai cece shi sai dashen ɓargo, amma ba a sami wanda ɓargonsa ya dace da nasa ba a cikin dangi. Wannan ne ya sa mahaifiyarsa, Shirley Nolan, ta buɗe rajistar masu niyyar ba da ɓargo a Landan a 1974. Yaron ya rasu a 1979 ba tare da an samo masa mai bayarwa ba, amma aikin da aka fara dominsa bai mutu ba. A yau sunayen da ke cikin irin waɗannan rajistoci a faɗin duniya sun haura miliyan 40, kuma harabar jami'o'i na daga cikin wuraren da aka fi zuwa neman sababbin sunaye. Tambayar ita ce, me ke sa ɗalibi ya tsaya ya rubuta sunansa? Wadda ta fi ta nauyi kuma ita ce, me zai sa ya amsa kira ranar da aka neme shi?

Mene Ne Dashen Ɓargo?

Ɓargo shi ne masana'antar jini. A cikinsa ne uwayen ƙwayoyin jini suke, wato waɗanda ke haifar da jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iskar numfashi, da farare masu yaƙi da cututtuka, da ƙananan da ke daskarar da jini idan an ji rauni. Idan cuta irin sankarar jini ta lalata wannan masana'anta, likitoci kan kashe ɓargon majiyyaci da magunguna masu ƙarfi, sa'an nan su ɗura masa uwayen ƙwayoyin wani mutum lafiyayye ta jijiya, kamar yadda ake ƙarin jini. Likitan Amurka E. Donnall Thomas, wanda ya share fagen wannan aiki tun shekarun 1950, ya sami kyautar Nobel a kansa a 1990.

Wahalar tana wajen dacewa. A jikin ƙwayoyin halittar kowane mutum akwai wasu alamomi da ake kira HLA, waɗanda garkuwar jiki ke dubawa ta bambanta ɗan gida da baƙo. Mutum yakan gaji rabinsu daga uwa, rabi daga uba. Saboda haka damar da ɗan'uwa shaƙiƙi ke da ita ta dacewa sosai ɗaya ce cikin huɗu, kuma kimanin majiyyata 70 cikin 100 ba su da cikakken madaci a gidansu. Dole a fita waje nema.

Dalilin da ya sa ake bin ɗalibai kuwa ba ɓoyayye ba ne. Wani bincike da aka buga a 2001 a kan dashe kusan 7,000 da rajistar Amurka ta shirya ya nuna cewa majiyyatan da suka karɓi ɓargon matasa sun fi yawan rayuwa. Shi ya sa ƙungiyar Anthony Nolan ke karɓar sababbin sunaye daga masu shekara 16 zuwa 30 kawai.

Abin da Ke Jawo Ɗalibi

Abu na farko shi ne tausayi. Hoton yaro mara lafiya, ko labarin abokin karatu da ke kwance, ya fi kowane jadawalin alƙaluma motsa zuciya. Ƙungiyar ɗalibai mai suna Marrow, wadda ta fara a Jami'ar Nottingham a ƙarshen shekarun 1990 ta kuma bazu zuwa jami'o'in Birtaniya da dama, asalinta ke nan: wani ɗalibin likitanci ne ya kafa ta saboda sankarar jini da ta kama wata ƙawarsa.

Na biyu shi ne abokai. Matashi ya fi amincewa da maganar tsaransa, kuma idan 'yan ɗakinsu sun shiga layi, da wuya ya wuce. Na uku shi ne sauƙin shiga: a cike takarda, a goga auduga a cikin kunci, shi ke nan, cikin 'yan mintoci. Na huɗu shi ne yadda mutum ke ɗaukar kansa. Wanda ya saba ba da jini, ko ya tashi a gidan da ake girmama taimako, yana ganin wannan aiki a matsayin wani ɓangare na halinsa.

Duk waɗannan dalilai ne masu kyau, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya shiga rajista kan zauna a cikinta har ya kai shekara 61. Ana iya nemansa bayan shekara biyar ko goma sha biyar, lokacin da ya gama makaranta, ya yi aure, ya canza gari, abokan da suka ja shi layi kuma kowa ya kama gabansa. Majiyyacin da za a neme shi dominsa ba wanda ya gani a hoto ba ne. Baƙo ne, wataƙila ma a wata ƙasa.

Galen Switzer da abokan aikinsa a Jami'ar Pittsburgh sun shafe shekaru, tun daga shekarun 1990, suna nazarin wannan al'amari. Sun gano cewa masu shakku a zuci game da bayarwar, da waɗanda wasu suka sage wa gwiwa, sun fi saurin janyewa idan an kira su, alhali waɗanda suka ɗauki bayarwar a matsayin halinsu sun fi tsayawa. Janyewa haƙƙin mai bayarwa ne, babu mai tilasta shi. Amma tana da farashi. Makonnin da aka ɓata ana nemansa makonni ne da cuta ke ci gaba da ci. Idan kuwa sai da aka fara kashe ɓargon majiyyaci sa'an nan ya janye, to rayuwar majiyyacin ce ke cikin haɗari.

Wani zai ce ai yawa shi ne gaba, tun da dacewar HLA sa'a ce, kuma da babu gara ba daɗi. Akwai gaskiya a nan. Sai dai kowane suna yana cin kuɗin gwaji, kuma sunan da mai shi ba zai amsa ba yana ba iyalin majiyyaci fatan da zai rushe a daidai lokacin da suka fi bukatarsa. Taron da ya tara mutum ɗari da suka fahimci abin da suka ɗauka ya fi wanda ya tara ɗari biyar da kiɗa da rabon riguna suka jawo.

Maganin Shakku Shi Ne Bayani

Yawancin tsoro daga rashin sani yake. Mutane da yawa suna rikita ɓargo da laka, suna zaton za a huda musu gadon baya. Ba a taɓa laka ko kaɗan. A Birtaniya kimanin masu bayarwa 9 cikin 10 ta jini suke bayarwa: a yi musu allura na kwana huɗu ko biyar domin uwayen ƙwayoyi su fito cikin jini, sa'an nan wata na'ura ta tace su cikin awa huɗu zuwa biyar ta mayar da sauran jinin jiki. Sauran kuwa akan sa su barci a zuƙo ɓargon daga ƙashin ƙugu. Akwai ciwon ƙashi da kasala na 'yan kwanaki, akwai kuma ɗan haɗarin da ke tare da maganin sa barci. Jiki yakan mayar da abin da aka ɗiba cikin 'yan makonni. Wajibi ne a faɗa wa ɗalibi duk wannan, mai daɗi da mara daɗi, a kuma ba shi damar komawa gida ya shawarci iyayensa kafin ya sa hannu.

Inda Maganar Ta Shafi Afirka

Tun da gadon alamomin HLA ake yi, mutum ya fi samun madaci a cikin masu asali ɗaya da shi, kuma 'yan Afirka sun fi kowa yawan bambancin waɗannan alamomi. Alƙaluman da rajistar Amurka ta fitar a farkon shekarun 2020 sun nuna cewa damar Bature ta samun madaci 79 ce cikin 100, ta baƙar fata kuwa 29. A Birtaniya, iyayen Daniel De-Gale sun kafa ƙungiyar ACLT a 1996 saboda ƙarancin baƙaƙen fata a rajista, kuma sai a 1999 aka yi masa dashe daga wata mata Ba'amurkiya. Gaskiya ne cewa a yanzu likitoci na iya dashe daga ɗan'uwan da ya dace rabi kawai, amma wannan bai kawar da bukatar rajista ba.

A Nijeriya, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai 150,000 da cutar sikila kowace shekara, an yi dashen ɓargo na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ga wani yaro mai sikila. A 2012 aka buɗe rajistar masu ba da ɓargo a Inugu, bisa ƙoƙarin Seun Adebiyi, wanda shi kansa ya sha wahalar neman madaci lokacin da sankara ta kama shi a Amurka. Bahaushen da ke bukatar dashe, a Kano yake ko a Landan, a cikin 'yan'uwansa ne aka fi sa ran samun wanda zai dace da shi.

Ɗalibin sakandare na yau shi ne ɗalibin jami'a na gobe, don haka aikin daga aji yake farawa. Malamin kimiyyar halittu da ke koyar da jini da gado yana da damar bayyana bambancin ɓargo da laka, da dalilin da ya sa shaƙiƙai ba kullum suke dacewa ba. Yaron da ya fahimci wannan tun yana aji biyar, idan wata rana ya iske teburin rajista a jami'a, zai san abin da ake nema a gare shi. In ya ƙi, ya ƙi da sani, kuma babu laifi. In ya yarda, ya san alkawari kaya ne, ya kuma san cewa duk lokacin da ya canza lambar waya ko mazauni sai ya sanar, domin ranar da za a neme shi a same shi.