Kafin ka ce an sayar maka da jabun amfilifaya, duba inda ka murɗa Gain

Kwanakin baya na je wani biki wajen Kwanar Dangora, aka kawo mai jita da amfilifaya mai kwalba, irin wadda idan ka leƙa bayanta za ka ga ƙwayayen gilashi sun yi ja kamar garwashi. Kaya mai tsada. Amma abin da ke fitowa daga sifika kamar ana soya gyaɗa a kwano. Yaron ya rantse min cewa cutarsa aka yi a kasuwa. Da na matsa kusa sai na ga komai ya murɗe shi har ƙarshe.

Wannan ce cutarmu daga Bebeji har Doguwa: ƙara muke nema, ba daɗin sauti ba. Mai jita, mai DJ, har mai saita lasifikar wa'azi, kowa so yake a ji shi a ƙauyen gaba. To ita mai kwalba ba a yi mata haka.

Ka gane bambancin Gain da Master, rabin matsalarka ta wuce. Gain shi ne ƙarfin da sautin jitarka ke dukan ƙananan kwalaben farko, yawanci 12AX7. Idan ya yi yawa sautin ya dagule, tsirkiya ba ta fita daban da 'yar'uwarta. Master kuma shi ke tura sauti zuwa manyan kwalabe, irin su EL84, EL34 ko 6L6, sannan ya kai sifika. Ɗumin nan da ake yabon waɗannan na'urori da shi, da yawansa daga nan yake fitowa. Don haka ka sa Bass, Middle da Treble duk a 5, Gain a 3 ko 4, sai ka ɗaga Master a hankali. Daga nan ka koma kan abin murɗawa na jikin jitar: a 6 ko 7 sauti garau, idan ka kai 10 ya ɗan yi gurnani. Na'ura ɗaya, murya biyu, ba ka sayi komai ba.

Kuma don Allah a daina kashe Middle. Kana kai kaɗai a ɗaki yana da daɗi, amma da zarar ganga da kalangu sun shigo, jitarka ta ɓace, sai ka koma ƙara Gain. Ka ɗora akwatin a kan kujera ya fuskanci kunnenka maimakon ƙafarka, za ka ga da kanka ka rage Treble.

Kada yawan wat ya ruɗe ka. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa. Mai wat 15 da makirfo a gaban sifikarta ta ishi filin biki.

Sai maganar wuta, wadda a wajenmu ita ce babba. Wutarmu volt 230 ce, amma da yawan na hannu da ake shigowa da su daga Amurka na volt 120 ne, ka duba bayanta kafin ka jona. Ƙaramin janaretan da ke ɗauke da firiza da manyan sifikun DJ ba zai ba ka tsayayyiyar wuta ba, sautin zai riƙa yin laushi yana dawowa. Sitabilaiza ba ado ba ce. Kada ka taɓa kunna ta ba sifika a jone, taransifomar ciki na iya ƙonewa, kuma ohm ɗin su dace, 8 da 8, 16 da 16. Ka ba ta kamar minti ɗaya ta ɗumama, in an tashi ka bari ta huce kafin ka ɗaure ta a bayan babur. Buɗe cikinta kuwa ka bar wa mai gyara, akwai volt ɗaruruwa a ajiye ko bayan ka cire ta daga wuta.

Na san wani zai ce duk wannan wahalar ta mece ce? Gaskiyarka. In ba ka da tsayayyiyar wuta, kuma kullum kana hanyar Riruwai da kaya a babur, mai taransisto ta fi maka, ba abin kunya ba ne. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, kuma ta memori da Bluetooth waƙoƙinsa suka yaɗu kafin ya fara zagaya Turai da Amurka.

In za ka ɗauki bidiyo da waya, kada ka manna ta a bakin sifika, makirfon waya ba ya ɗaukar wannan ƙarfin. Ja baya kamar taku uku, ka ɗan kauce gefe, ka ɗauki daƙiƙa 20 ka saurara da iyafis kafin a fara.