Majigin 'Yan Tsana Ba Na Yara Kaɗai Ba Ne

Jama'a, ana yi wa waɗansu ɗalibai ba'a wai gemai-gemai da su suna begen Toy Story, majigin da kamfanin Pixar na Amurka ya fitar a 1995, dogon majigi na farko da aka zana duka da kwamfuta. Ni ban ga abin ba'a ba.

Ai labarin kishi ne. Woody ne ɗan lelen yaron nan Andy, sai ga Buzz sabo fil, aka ture Woody daga gado. Wane yaro bai ɗanɗana wannan ba ran da aka haifa masa ƙane? Irinsu za mu tarar a aji.

A kashi na uku kuwa, na 2010, Andy zai tafi koleji, ya bar wa wata yarinya su. Mu ma mun baro namu a gida.