Kanti Ya Koma Ɗaka: Wa Zai Yi Gadinsa?

Gabatarwa

A shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta game duniya, gwamnatin tarayyar Nijeriya ta hana fita a Legas da Ogun da Abuja tun daga ranar 30 ga Maris, sa'an nan Kano ta biyo baya a cikin watan Afrilu. A wannan lokaci ne masu ƙananan sana'o'i da dama, kamar masu sayar da tikitin jirgi da akantoci da masu cinikin atamfa da turare ta waya, suka sallami yaransu su je su ci gaba da aiki daga gida. Annoba ta wuce, amma al'adar ta zauna, musamman da yake janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya sa kuɗin mota da na kunna janareto sun yi tsada ƙwarai. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan ƙaura tana tattare da haɗarin da ba a cika lura da shi ba, kuma nauyin kauce masa yana wuyan mai sana'a, watau maigida, tun kafin a zo kan yaronsa.

Abin da Aka Baro a Kanti

Kowane kanti, kome ƙanƙantarsa, yana da kwaɗo da makulli, yana da maigadi, yana kuma da idon maƙwabta. Littafin bashi yana cikin aljihun tebur, kuma ba mai buɗe shi sai da sanin maigida. Da aiki ya koma gida, littafin bashi da sunayen abokan ciniki da lambobin asusunsu na banki duk sun tattaru a cikin wayar salula guda ko kwamfuta guda, wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan matakan tsaro. Wayar da akawu yake tura kuɗin kamfani da ita, ita ce ƙaninsa yake ara ya kalli ƙwallo, ita ce yara suke wasa da ita, ita ce kuma ake kai wa mai caji a bakin titi a bar ta yini guda idan an ɗauke wuta. In ta lalace a miƙa wa mai gyara, har da lambar buɗe ta. Ba lalle ne a sami mai mugun nufi a cikin waɗannan mutane ba, sai dai masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, ga shi kuwa kowane hannu da wayar ta ratsa tsaga ce.

Yadda Ɓarawon Zamani Yake Shiga

Mutane da yawa sun ɗauka cewa mai kutse wani gwani ne da yake fasa na'ura da ƙarfin ilimi. Abin da ya fi aukuwa shi ne ya yaudari mai riƙe da makulli har ya miƙa masa da hannunsa. A watan Yuli na 2020 wasu samari sun riƙa kiran ma'aikatan kamfanin Twitter, wanda a yau ake kira X, a daidai lokacin da suke aiki daga gidajensu, suna cewa su jami'an sashen gyaran na'urori ne masu son warware musu matsalar shiga rumbun kamfani daga nesa. Da kalmomin sirrin da suka samu ta haka suka kai hari kan shafuka 130, har da na Barack Obama da na Bill Gates. A watan Mayu na 2021 kuma an shiga na'urorin kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wata tsohuwar ƙofar shiga daga nesa wadda kalmar sirri ɗaya tak take tsaronta, har kamfanin ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4. Haka nan a shekarar 2021 wata kotu a Amurka ta ɗaure ɗan Nijeriya Obinwanne Okeke shekara 10, saboda damfarar da ta kai wajen dala miliyan 11 da aka yi wa kamfanin Unatrac, wadda ta faro daga saƙon imel na bogi da aka aika wa babban jami'in kuɗin kamfanin, shi kuwa ya rubuta kalmar sirrinsa a shafin ƙarya.

Wani zai ce waɗannan manyan kamfanoni ne, ɓarawo ba zai ɓata lokacinsa a kan mai ma'aikata biyar ba. Wannan zato kuskure ne, domin saƙon yaudara ba ya cin kuɗin aikawa, ana watsa shi ga dubban mutane a lokaci guda, duk wanda ya faɗa shi ke nan. Daɗin daɗawa, babban kamfani yana iya biyan fansa ya miƙe, amma ƙaramin ɗan kasuwa da aka kwashe masa jari a dare ɗaya da wuya ya sake tashi. Irin damfarar da ta fi yawa a nan ba ta buƙatar wata gwaninta: a kira mutum a ce ya karanto lambobi shida da aka turo masa, da ya karanto sai a ƙwace masa WhatsApp, a shiga roƙon abokan cinikinsa kuɗi da sunansa, ko a sace waya a cire layi, a yi amfani da shi a yashe asusun banki, ko kuma a turo alat na bogi a karɓi kaya.

Kunya da Biyayya

Akwai wani ɓangare na wannan matsala da littattafan Turawa ba za su faɗa wa Bahaushe ba. An tarbiyyantar da yaron kanti a kan cewa ba ya musu da maigidansa, ba ya kuma tambayarsa dalili. A kanti wannan ba ya cutarwa, domin umarni daga bakin maigida yake fitowa, yaro yana ganin fuskarsa. A gida kuwa umarni rubutu ne a fuskar waya, kuma duk wanda ya ƙwace lambar Alhaji ya zama Alhaji. Idan saƙo ya zo cewa a tura naira dubu 500 zuwa wani sabon asusu yanzu-yanzu, yaro mai ladabi zai ji nauyin ya kira ya ce, “Ranka ya daɗe, da gaske kai ne?” Haka kuma zai ji kunyar hana yayansa aron waya, in kuwa ya taɓa wani saƙo ya ga alamar ya yi ɓarna, tsoron faɗa zai sa ya yi shiru har ɓarnar ta yi nisa. Ashe ke nan kyawawan halayen da aka san yaro da su, su ne ƙofar da ɗan damfara yake bi. Yaro ba shi da ikon sauya wannan; maigida kaɗai ne zai iya, ta hanyar faɗa wa yaransa a fili cewa ya ba su izinin tuhumar kowane saƙo da ya zo da sunansa, kuma wanda ya kawo labarin kuskurensa da wuri ba zai sha faɗa ba.

Abin da Ya Wajaba a Kan Maigida

Na farko, a kafa doka cewa ba a tura kuɗi zuwa sabon asusu, ba a kuma sauya lambar asusun wanda ake sayen kaya a wurinsa, sai an kira shi an ji muryarsa ta lambar da aka sani tun da, ban da wadda ta zo a cikin saƙon. Na biyu, a sa makulli biyu a kan imel da WhatsApp da asusun banki, watau bayan kalmar sirri a ƙara wata shaida ta biyu, a kuma sa wa layin waya lambar sirri domin kada ya yi aiki a wayar ɓarawo. Na uku, kowane ma'aikaci ya sami tasa kalmar shiga, domin ranar da ya bar aiki a rufe tasa ƙofar ba tare da an taɓa ta saura ba. Na huɗu, a raba wayar aiki da ta gida. Na biyar, a riƙa sabunta manhajar na'ura. Manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry, wadda ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila a watan Mayu na 2017, ta shiga ne ta wata ɓaraka da kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris. Ya kamata a san cewa kamfanin ya daina kula da Windows 7 a watan Janairu na 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawarsa ta yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, alhali irin waɗannan ne suka cika tsofaffin kwamfutocin da ake saye na hannu. Na shida, a ajiye kwafen littattafan ciniki a wani wuri dabam, a kuma riƙa gwada buɗe shi, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wannan bayani a yi wa ma'aikata shi da harshen da suke ji, domin gargaɗin da ya fito da Turanci a fuskar waya sau da yawa danna shi kawai ake yi a wuce.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce ta rashin kuɗi. In an duba jerin nan da kyau za a ga cewa wayar aiki da sabunta tsohuwar kwamfuta ne kaɗai masu cin kuɗi sosai, sauran kuwa lokaci da kulawa suke bukata. Bugu da ƙari, al'amarin ya wuce ganin dama. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa mai tara bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma wajabta masa sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Tarar da ta tanada ga wanda ba babban mai tara bayanai ba tana iya kai naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da ya shigo masa a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

Kammalawa

Aiki daga gida yana da amfani, gama yana rage kuɗin haya da na mota, yana kuma ba matan aure da masu nakasa damar neman na kansu. Amma wanda ya ci ribar rage haya shi ya kamata ya ɗauki nauyin gadi. Sunan abokin ciniki da lambar asusunsa amana ce da ya ba mai kanti, kuma amanar ba ta sauka daga wuyansa don kawai ta kwana a ɗakin yaronsa. Saboda haka, kafin maigida ya ce wa yaro ya tafi gida da aiki, ya kamata ya zauna da shi ya nuna masa makullan nan ɗaya bayan ɗaya, ya kuma tabbatar masa cewa kiran da zai yi don tantance umarni ba rashin ladabi ba ne.