Sunan Fim Ɗin Tsoro: Gaskiya Ce Ko Talla?

Yau ba maganar tsadar haya a Legas zan yi ba, maganar finafinan ban tsoro ce da irin sunayen da ake laƙaba masu. Shin abin da aka rubuta a goshin fim shi ne a cikinsa? A ganina, sau da yawa a'a.

Ni ɗan kasuwa ne ya haife ni, a rumfa na tashi nan Agege, don haka na san rubutun bayan buhu daban, shinkafar ciki daban. Sunan fim ma mai neman ciniki ne ke raɗa shi.

Akwai sunayen da ke zuzuta kaya. Ku ɗauki The Texas Chain Saw Massacre na 1974, wato kisan kiyashi da zarto mai inji. Duk tsawon fim ɗin mutum ɗaya tak aka kashe da zarton, biyu ma da guduma aka gama da su. Shi kuwa Friday the 13th na 1980, Sean Cunningham ya buga tallar sunan a mujallar Variety tun 1979, ba a ma gama rubuta labarin ba. An yanka ragon suna kafin haihuwa ke nan! A 1984 suka fitar da na huɗu suka ce shi ne babin ƙarshe, shekara na zagayowa sai ga na biyar.

Waɗannan kuɗinka da lokacinka kawai za su ci. Masu haɗarin su ne sunayen da ke ɓoye abin da ke ciki. Child's Play na 1988 ma'anarsa wasan yara, alhali labarin wani makashi ne da kurwarsa ta shiga jikin 'yar tsana mai suna Chucky, tana bin mutane da wuƙa. Abin takaici, uban da ya ɗan ji Turanci shi ya fi saurin faɗawa tarkon. A irin zamanmu na nan Kudu, ɗaki ɗaya da yara, talabijin ɗaya, wa zai hana yaro gani?

Finafinan gida ma haka. Living in Bondage na 1992, wanda ɗan kasuwa Kenneth Nnebue ya shirya, sunansa ya dace da shi: Andy ya ba ƙungiyar asiri matarsa Merit don ya yi kuɗi, fatalwarta kuma ta hana shi sakat. Amma End of the Wicked na 1999, wato ƙarshen mugaye, ka ji kamar wa'azi ne, sai ka tarar ƙananan yara aka nuna a matsayin mayu. Masu kare haƙƙin yara sun zarge shi da rura wutar tsangwamar yara da sunan maita, masu fim ɗin kuma sun musanta. Ko ma dai yaya ne, a 2008 sai da jihar Akwa Ibom ta yi dokar hana kiran yaro maye.

Wani zai ce idan suna ya tona komai, ina daɗin kallon? Na yarda, ba a ce a ba da labari duka a kan kwali ba. Amma ɓoye ƙarshen labari daban, ɓoye wa mai saye irin kayan da ya ɗauka daban. A kasuwa wannan na biyun algus muke ce masa.

Shawarata ita ce kada mu dogara da suna. Tun 1993 akwai hukumar tace finafinai ta ƙasa, tana sa alamar shekaru. In ka ga 18, ka kawar da yara. In babu alama, ka fara kallo kai kaɗai tukuna.

Wane fim ne sunansa ya taɓa yaudarar ku? Ina sauraron ku. Allah ya shirya mana zuri'a, amin.