Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Ƙudan zuman da muka sani shi ne wanda aka sa wa Suratun Nahli sunansa. To, yana da wani ɗan'uwa jibgege mai gashi, wanda Turawan Ingila ke kira bambulbi. Irinsa ya kai wajen 250 a duniya, amma babu ko ɗaya kudu da Sahara. Baƙin ƙwaron nan mai gunji da ke huda mana azara wani dangi ne dabam, don shi bayansa sul yake.

A Birtaniya akwai iri 24, kuma a kowace bazara mutane kan fita ƙidayarsu don a san wanda ke ƙarewa. A nan wuyar take. Ɗauki biyu da masani Liniyas ya raɗa wa suna, watau Bombus terrestris a 1758 da Bombus lucorum a 1761. Kowannensu baƙi ne mai ɗamara biyu rawaya. In sarauniya ce da sauƙi: ta terrestris jelarta ƙasa-ƙasa ce, ɗamararta ta yi duhu, ta lucorum kuwa jelarta fara fat, rawayarta mai haske. Amma ma'aikatansu, waɗanda su aka fi gani a kan fure, duk jelarsu fara-fara ce. Ga rana kuma tana koɗar da gashin tsoho, har ƙwararre ya rikice. Shi ya sa mai ƙidaya na gaskiya yakan rubuta sunayen biyu tare, mu kuwa muna ganin wannan ya fi cika takarda da zato.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Da aka bincika ƙwayoyin gadonsu sai ta tabbata wanda ake ce wa lucorum iri uku ne, da shi da magnus da cryptarum. An daɗe ana dogara da siffar ɗamarar wuyan sarauniya, sai wani bincike na 2012 ya nuna launi ba ya raba su. Ashe tsofaffin littattafan ƙidaya da yawa sun haɗa uku a layi guda, ta yiwu ɗaya na raguwa ba a lura ba.

Wasu kam ido na raba su. Bombus hortorum ɗamararsa uku, fuskarsa doguwa kamar ta doki, alhali jonellus mai irin tufarsa fuskarsa gajera ce.

Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne ɗan kutse. Macen ba ta gina gida, sai ta shiga na wata, sau da yawa ta kashe sarauniyar, ta bar wa ma'aikata renon 'ya'yanta. Ta yi kama da masu gidan ƙwarai, amma a dubi ƙafarta ta baya. Mai aiki tana da wani fili mai santsi inda take ɗaura garin fure, ita kuwa gashi ne ya rufe wurin, fikafikanta kuma sun fi duhu.