Ci-rani a hanyar In Amguel

Tun da Nijar ta soke dokar hana safarar baƙin haure a Nuwamban 2023, muna ganin yaran shagunanmu na saɓa jaka su nufi Aljeriya ci-rani, kowa shi kaɗai, guzurin bai taka kara ya karya ba. Wanda ya wuce Tamanrasset zai bi ta In Amguel, kan titin In Salah, yana neman leburanci. To amma Yamai ce kawai ta sassauta. A 2024 hukumomin Aljeriya sun koro fiye da mutum 30,000, ana sauke wasu cikin hamada su taka kilomita 15 zuwa Assamaka. Yaron da aka kama a shinge, wa zai biya shi ladan aikinsa? Mu da muka ranta masa kuɗin mota fa?