A Koya Wa Yara Ɗaure Magana, A Kuma Koya Masu Kwance Ta

Duk uban da ya sa ɗansa a makarantar sakandare a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san kukan da akan yi kowace shekara idan sakamakon jarrabawar WAEC ya fito. Yaro ya ci lissafi, ya ci kimiyya, amma Turanci ya kayar da shi, ga shi kuwa da wuya jami'a ta karɓi wanda ba shi da kiredit a Turanci. Abin da ke ɗaure wa iyaye kai shi ne, yaron nan a Agege aka haife shi, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun. Turanci a bakinsa kamar ruwa, shi ne ma tafintan gida idan an je asibiti. To, me ya hana shi ci?

Dalilai suna da yawa, amma akwai guda wanda ba a cika ambatonsa ba. Turancin baki daban, Turancin littafi daban, kuma babban abin da ya raba su shi ne littafi yana son mai da aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki, ta koma suna. A baki sai a ce 'decide', littafi ya ce 'decision'. A baki 'develop', a littafi 'development'. Yaron da bai saba da wannan juyi ba yakan karanta shafi guda, ya san kusan kowace kalma, amma ya rasa inda maganar ta dosa.

Alal misali, manomi zai ce: mutane suna sare itatuwa, idan ruwan sama ya zo sai ya wanke ƙasa ya tafi da ita. Littafin labarin ƙasa kuwa cewa zai yi: sare itatuwa yana haddasa zaizayar ƙasa. An ɗaure magana mai tsawo cikin kalmomi shida. Amfanin ɗaurin shi ne, da zarar an ba abu suna, ana iya ɗaukarsa a ci gaba da shi. Sai jimla ta gaba ta fara da "wannan zaizaya", a faɗi abin da ita kuma take jawowa, a auna ta, a kwatanta ta Anambara da ta Gombe. Kamar fatake ne da kayansu: wanda bai ɗaure kaya ba, ba ya nisa.

Wani masanin harshe ɗan Ingila, Michael Halliday, wanda ya rasu a 2018, ya bi diddigin wannan al'ada a rubuce-rubucen kimiyya na Turanci. Ya nuna cewa tun a littafin da Isaac Newton ya fitar a 1704 a kan haske ana ganin somawarta, daga nan ta yi ta ƙaruwa har ta zama ita ce harshen kimiyya. Saboda haka malamin da ya zauna yana koya wa ɗalibai wannan juyi bai ɓata lokaci ba. Hasali ma a jarrabawar WAEC akwai sashen da akan ba yaro dogon bayani a ce ya taƙaita shi cikin 'yan jimloli, kuma akan rage wa wanda ya kwafo kalmomin bayanin kai tsaye maki. Wanda ya iya ɗaure magana shi ke tsira a nan.

Abin takaici shi ne yadda ake koyarwar a wurare da dama. Malami ya cika allo da jerin kalmomi masu ƙarewa da -tion da -ment da -ance, yara su haddace kamar karatun aku, ba wanda ya gaya masu cewa abin nan suna yin sa tun suna goye. Ai Bahaushe ba ya iya cewa yana cikin wani aiki sai sau da yawa ya yi amfani da irin wannan suna, wanda masu nahawu ke kira ɗan aikatau. Daga karanta aka sami karatu, daga rubuta rubutu, daga gina gini, daga tafi tafiya, daga sayar sayarwa. Yaran da suka tashi cikin Yarabawa kuma sun san 'mọ̀', wato sani, ita ce ta haifi 'ìmọ̀', ilmi. Wanda ya taɓa karatun Larabci ya san masdari. Yaro mai harshe uku ke nan, kowane harshe da hanyarsa ta yin abu ɗaya, amma a aji sai a nuna masa kamar wani sirri ne da Bature ya zo da shi a jirgin ruwa. Da malami zai fara daga karatu da rubutu da gini, da darasin bai ci mako guda ba.

Amma fa nan rabin aikin ke nan, kuma rabin da ya rage shi ya fi shafar mutanen Arewa mazauna Kudu. Mai karatu ya sake duba misalin itatuwan nan. Manomi ya ce mutane suna sare itatuwa. Da littafi ya ɗaure maganar, ina mutanen suka shiga? Sun ɓace. Aikatau yana tafiya da mai aiki da lokaci: wane ne ya yi, jiya ko gobe. Suna kuwa ba ruwansa da ko ɗaya. A darasin kimiyya wannan ba laifi ba ne, domin ba wanda ya damu da sanin wanda ya hura wuta kafin ruwa ya zama tururi. A takardar ofis kuwa, nan ake yin ta.

Dattawa ba su manta da 1986 ba, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin nan na SAP. Kalmomin da suka cika jaridu a lokacin duk irin waɗannan sunaye ne: 'adjustment', 'devaluation', 'privatisation', 'retrenchment'. Idan aka kwance su, ma'anarsu ita ce gwamnati ta karya darajar naira, za ta sayar da kamfanoninta, kuma za a kori wasu daga aiki. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, amma kafin ƙarshen Satumba na 1986 ta wuce naira 4 a kasuwar canjin da aka buɗe. Haka nan a watan Yuli na 1990, gwamnatin soja ta Jihar Ikko a ƙarƙashin Raji Rasaki ta ba mazauna Maroko wa'adin kwana 7, sa'an nan ta rushe unguwar, aka ƙiyasta mutum 300,000 ne suka rasa matsuguni. A takarda kalma ɗaya ce, 'demolition', babu katafila a cikinta, babu mace da tabarma a ka. Baƙo mai neman abinci a garin wasu shi ya fi kowa cin karo da irin wannan takarda: ta kasuwa, ta shago, ta haya, ta babur. Idan aka manna sanarwa mai 'relocation' a ƙofar kasuwa, ɗan makarantar gidan za a kira ya karanta, kuma abin da ake bukata daga gare shi shi ne ya ce wa zai tashi wa, yaushe, zuwa ina, da izinin wa.

Kada kuma a ɗauka Turanci kaɗai ke da wannan hali. A taron ƙungiya sakatare ya miƙe ya ce an sami aukuwar ɓacewar wasu kuɗaɗe sakamakon rashin kulawa wajen gudanar da ajiya. Kowa ya gyaɗa kai, ma'aji ya sha da ƙyar. Da cewa aka yi ma'aji ya ɓatar da kuɗin, da taron bai tashi haka ba.

Akwai kuma ɗalibin da ke koyon juyin nan sai ya maishe shi ado. Ya ga manya suna rubuta dogayen kalmomi, shi ma sai ya jera sunaye biyar a jimla ɗaya, ya bar aikatau ɗaya raunana yana jan su kamar jaki da kayan raƙumi. Wata malamar jami'a a Niyu Zilan, Helen Sword, ta yi rubutu a jaridar New York Times a 2012 inda ta kamanta irin waɗannan sunaye da gawa mai yawo, domin sun shanye jinin aikatau. Ta yi gaskiya a kan masu wuce gona da iri, ko da yake yaron da ke fama da littafin bayoloji a Mushin ba zai iya gudun sunayen ba, dole ya iya su.

Don haka ya kamata malamai, musamman na makarantun da ƙungiyoyin 'yan Arewa suka kafa da masu koyar da lesin da yamma, su riƙa yin darasin ta fuska biyu. Yau a ba yara jimla uku su ɗaure su zama ɗaya. Gobe a yanko sakin layi daga littafinsu ko daga jarida, a ce su kwance, su mai da kowane suna aikatau, su nemo wanda ya yi aikin. In ba a same shi a takardar ba, su rubuta a gefe cewa ba a faɗa ba.

Uban da bai yi boko ba ma yana da nasa. Bayan an rufe shago, ya sa yaro ya buɗe littafin da aka yi masu a ranar, ya karanta sakin layi ɗaya, ya faɗi ma'anarsa da Hausa. Idan yaron ya tsaya yana maimaita kalmar Turancin, sai uban ya tambaye shi: wa ya yi, me ya yi, wa aka yi wa? In ya kasa amsawa, a sa alama a shafin da fensir, ya kai wa malaminsa da safe.